Minti Biyar Na Ƙarshe Ba Na Mai Suna Ba Ne

Duk mai bibiyar ƙwallon kwando ya san wannan lokaci. Saura minti biyar a tashi, tazarar maki ba ta wuce uku ko huɗu ba, an tsayar da wasa, koci ya juya yana duban benci. Mutum goma sha biyu ko fiye ne a hannunsa, gurbi biyar kacal ne a fili. A wannan ɗan waiwaye ne ake cin kofuna, a nan kuma ake zubar da su. Hukumar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ma ta ware wa lokacin ma'auni nasa, wato mintuna biyar na ƙarshe idan tazarar ba ta haura maki biyar ba, kuma tun kakar 2022-23 take ba da kyauta mai sunan Jerry West ga wanda ya fi taka rawa a cikinsa. De'Aaron Fox ne ya fara karɓa, Stephen Curry ya biyo baya, sannan Jalen Brunson.

Kyautar tana da kyau, amma tana koya wa mai kallo tambayar da ba ita ce ta fi muhimmanci ba. Kowa sai ya riƙa tambayar wa zai yi jifan ƙarshe. Wannan ai ba ta da wuya, domin kowace ƙungiya ta san gwaninta, kuma ba wanda ya taɓa tunanin zaunar da LeBron James ko Nikola Jokic saura minti biyu. Inda gizo ke saƙa shi ne sauran gurabe uku ko huɗu. Ra'ayina a kansu, wanda na daɗe a kai, shi ne a ba wa waɗanda abokan hamayya ba za su iya farauta ba, ko da akwai waɗanda suka fi su baiwa da suna da albashi a zaune a benci. A ƙarshen wasa, mafi rauni cikin biyar ɗinka shi ke yanke maka hukunci.

Dalilin yana cikin yadda wasan ke sauya kama. A kwata ta biyu ana gudu ana dawowa, ƙwallo na yawo, kuma ɗan wasan da ba ya iya tsaro zai iya ɓuya a kusurwa ba wanda ya kula da shi. Idan ya yi kuskure, akwai sauran minti talatin na gyarawa. Da an shiga mintunan ƙarshe sai komai ya lafa. Mai riƙe da ƙwallo yana tsayawa a tsakiyar fili, ya dubi masu tsaro biyar ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wanda ya fi sauƙi. Sai ya yafuto abokinsa da wannan mutumin ke tsaro, ya zo ya yi masa shinge, a tilasta musayar masu tsaro, ya wayi gari gaba da gaba da wanda yake so. Idan ta yi kyau, haka za a maimaita a hari na gaba, da na gabansa, har sai koci ya cire mutumin ko wasa ya ƙare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma manyan 'yan wasa ba abin da suka ƙware a kai kamar gano tsaga.

Wanda ya kalli wasa na bakwai na ƙarshen gasar 2016, zagayen da wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke ɗaukar kofi, ya ga wannan da idonsa. Golden State Warriors, waɗanda suka ci wasa 73 cikin 82 a kakar, suna gaban Cleveland Cavaliers da 87 da 83, saura minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi. Dogonsu na farko, Andrew Bogut, ya ji rauni tun wasa na biyar, sai kocinsu Steve Kerr ya mayar da Festus Ezeli cikin fili a kwata ta huɗu. LeBron bai ɓata lokaci ba. Ya sa aka yi masa shinge, Ezeli ya fito can bayan layin maki uku inda ba nan ne gidansa ba, LeBron ya yi kamar zai jefa, Ezeli ya tashi sama, ya faɗo masa a jiki. Ƙeta ce a kan jifan maki uku, kuma LeBron ya zura duka ukun. A harin Cleveland na gaba ya sake nemo Ezeli, ya ja baya ya jefa ta samansa, ta shiga. Maki shida cikin ƙasa da minti ɗaya, duka a kan mutum ɗaya, kuma 87 da 83 ta koma 87 da 89. An tashi 93 da 89. Mutane sun fi tuna yadda LeBron ya biyo Andre Iguodala ya doke masa ƙwallo a jikin allo, da jifan Kyrie Irving saura daƙiƙa 53, kuma sun cancanci a tuna su. Amma da ba a yi waɗancan hare-hare biyu ba, da wani labari ake bayarwa yau. Ezeli ba ragon ɗan wasa ba ne. An dai ajiye shi ne a wurin da rauninsa ya fi ƙarfinsa fitowa, a lokacin da ba a yafe kuskure.

Abin mamaki shi ne Kerr ɗin ne ya nuna wa duniya kishiyar haka shekara ɗaya kafin nan. A 2015, Cleveland na gaba da wasa biyu da ɗaya, ya zaunar da Bogut ya fara da Iguodala, ya sa Draymond Green, wanda bai kai mita biyu cikakku ba, a matsayin ɗan tsakiya. Curry, Klay Thompson, Iguodala, Harrison Barnes da Green: kusan dukkansu suna iya musayar wanda suke tsaro, suna iya riƙe ƙwallo, suna iya miƙa ta. Suka ci wasa uku a jere suka ɗauki kofi, aka kuma zaɓi Iguodala gwarzon zagayen, mutumin da bai fara ko wasa ɗaya ba a duk kakar kafin wannan lokaci.

Tsaro shi ne tsaga ta farko. Ta biyu ita ce jifan kyauta, wato jifan maki ɗaya da wanda aka yi wa ƙeta ke yi daga kan layi ba mai tare shi, kuma a nan lissafin a bayyane yake. Hari ɗaya a NBA yakan kawo maki ɗaya da ɗan ɗori idan aka daidaita. Wanda ke zura rabin jifansa na kyauta zai kawo maki ɗaya a jifa biyu, wanda ke zura tara cikin goma kamar Curry zai kawo kusan biyu. Saboda haka ƙungiyar da ke baya tana da riba idan ta yi wa na farko ƙeta da gangan, ta tsayar da agogo, ta karɓi ƙwallo. Haka aka yi ta yi wa Shaquille O'Neal, wanda ya ƙare aikinsa da kashi 52.7 cikin ɗari, har dabarar ta ɗauki sunansa. Andre Drummond ya taɓa ɓarar da 23 cikin 36 a wasa ɗaya da Houston a watan Janairun 2016. A shekarar ne NBA ta faɗaɗa dokar da ke hukunta yi wa wanda ba ya riƙe da ƙwallo ƙeta da gangan, ta shafi mintuna biyu na ƙarshen kowace kwata. Dokar ta rage abin, amma ba ta kare wanda ƙwallon ke hannunsa ba, kuma ba ta kare kowa ba saura minti uku.

Sai dai a wurina, kason da ke rubuce a takarda ba shi ne babban abin dubawa ba. Abin da tsoron layin ke yi wa mutum ya fi shi. A 2021 an ga misalai biyu cikin wata guda. Ben Simmons na Philadelphia 76ers gwani ne wajen tsaro, shi ya zo na biyu a zaɓen mai tsaron shekara, amma a zagayen fitar da gwani jifansa na kyauta ya faɗo zuwa kusan kashi 34. A wasa na bakwai da Atlanta Hawks, saura kusan minti uku da rabi, ƙungiyarsa na baya da maki biyu, ya juya ya tsere wa mai tsaronsa, ya tsinci kansa a ƙarƙashin kwando ba wani dogo a gabansa. Ɗaga hannu kawai ya rage. Sai ya miƙa wa Matisse Thybulle, aka yi wa Thybulle ƙeta, ya zura ɗaya cikin biyu. A wasanni huɗu na ƙarshen wannan zagaye Simmons bai yi ko jifa ɗaya a kwata ta huɗu ba. Ƙungiya tana kai hari da mutum huɗu ke nan a kan biyar, kuma mai tsaronsa ya samu 'yancin zuwa taya wasu matse Joel Embiid. Na tausaya masa ƙwarai a daren nan, domin ana ganin nauyin a fuskarsa. Amma tausayi ba ya hana faɗin gaskiya, ya kamata kocinsa Doc Rivers ya riƙa cire shi a lokacin hari tun kafin a kai nan.

Giannis Antetokounmpo ma ya sha wahala a layin a wannan shekara. 'Yan kallo a gidajen abokan hamayya suna ƙirga masa daƙiƙoƙi da ƙarfi duk lokacin da ya tsaya jifa, wani lokaci ƙwallon ko ƙarfen kwando ba ta taɓawa. Bai fasa kutsawa ba. A wasa na shida da Phoenix Suns ya zura 17 cikin 19, ya ci maki 50, Milwaukee Bucks ta ɗauki kofi karon farko cikin shekara hamsin. Mai rauni a layi da ke neman a yi masa ƙeta, ana iya rufe wasa da shi. Wanda ke gudun kada a taɓa shi, benci ya fi masa, ya kuma fi wa ƙungiyarsa.

Yanzu ga abin da ke hana kociyoyi yin abin da suka san shi ne daidai. Suna da albashi suna da nauyi, kuma koci ɗan Adam ne mai gudun rasa aiki. Idan ya bar mai babban suna a fili aka sha kashi, za a ce ɗan wasan ne bai yi ba. Idan ya zaunar da shi aka sha kashi, kansa za a nema. A watan Janairun 2022 Frank Vogel, kocin Lakers a lokacin, ya zaunar da Russell Westbrook a kusan mintuna huɗu na ƙarshen wasan Los Angeles Lakers da Indiana Pacers. Westbrook tsohon gwarzon gasar ne na 2017, albashinsa a kakar ya kai dala miliyan 44, amma a lokacin masu tsaro sun daina bin sa idan ya tsaya nesa da kwando, kuma yana sakaci wajen tsaro. Lakers ba su ci wasan ba, aka kwana ana maganar zaunar da shi kamar wani babban laifi aka yi. Ni ina ganin Vogel ya yi daidai, kuma rashin nasarar bai sauya haka ba. Albashi ladan abin da mutum ya yi a baya ne da abin da ake fata daga gare shi, ba takardar mallakar minti na 46 ba ce.

Kerr ya sha irin wannan suka yana kocin Amurka a gasar Olamfik ta birnin Faris a 2024, da ya bar Jayson Tatum a benci gaba ɗaya a wasanni biyu da Sabiya, makonni kaɗan bayan Tatum ya ci kofin NBA da Boston Celtics. A wasan kusa da ƙarshe Amurka ta taɓa zama baya da maki 17, ta shiga kwata ta huɗu tana baya da 13. Kerr ya rufe da Curry, Devin Booker, Kevin Durant, LeBron da Embiid, Amurka ta ci 95 da 91. Abin lura shi ne Booker. A ƙungiyarsa shi ne mai cin maki, amma a nan ya yarda ya yi tsaro, ya miƙa ƙwallo, ya jefa idan an bar shi. Wannan yardar ce ta ba shi gurbin. Biyar na ƙarshe ba jerin gwanayen ƙungiya ba ne daga na ɗaya zuwa na biyar, domin ƙwallo ɗaya ce, kuma mutum huɗu a kowace daƙiƙa aikinsu ba ya buƙatar taɓa ta.

Shi ya sa nake girmama ƙungiyoyin da suka raba batun wanda ya fara da wanda ya gama. Koci Red Auerbach ya yi haka a Boston tun da Frank Ramsey, sannan John Havlicek, wanda ya saci ƙwallon nan a daƙiƙoƙin ƙarshen wasa na bakwai da Philadelphia a 1965. Manu Ginobili ya shafe yawancin shekarunsa a San Antonio Spurs yana shigowa daga benci, amma idan wasa ya yi tsamari yana ciki. Robert Horry bai taɓa zama tauraro ba, ya ci kofin NBA sau bakwai, kuma a 2005 daga benci ya fito ya zura jifan da ya kayar da Detroit a wasa na biyar, bayan Rasheed Wallace ya bar shi ya tafi matse Ginobili.

Akwai masu cewa a bar wanda hannunsa ya yi zafi a daren. Ɗan benci ya shigo ya zura huɗu a jere, ta yaya za a cire shi? Na fahimci wannan, kuma zan ƙara masa mintuna har tsakiyar kwata ta huɗu. Amma jifa huɗu ba su sauya ƙafafunsa ba. Idan abokan hamayya za su ci maki a kansa a kowane hari, abin da ya tara zai zube cikin minti biyu. Haka nan ban cika yarda da alƙaluman da ake kawowa ba na cewa wannan rukunin biyar ɗin ya fi wancan a mintunan ƙarshe. Mintunan da rukuni ɗaya ke samu tare a irin wannan yanayi a kaka guda ba su da yawa, jifa biyu ko uku na sa'a sun isa su juya lissafin. Alƙaluma na da amfani wajen nuna wanda ake yawan farauta da wanda ke ɓarar da ƙwallo, a nan suna da faɗi sosai, kuma a nan ya kamata a saurare su.

Abin da ya fi zafin hannu daraja shi ne sabo. Mutum biyar da suka rufe wasanni da yawa tare sun san wanda zai yi magana idan shinge ya zo, sun san wanda zai koma ya toshe gibi ba tare da an kira shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kowa ya kamata ya san matsayinsa tun kafin ranar. A watan Mayun 1994, Chicago Bulls da New York Knicks suna kunnen doki 102 da 102, saura daƙiƙa 1.8, kocin Bulls Phil Jackson ya tsara cewa Toni Kukoc ne zai jefa, Scottie Pippen kuma shi zai shigo da ƙwallo. Pippen, wanda ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗarsa duk shekarar bayan Michael Jordan ya tafi, ya ƙi tashi daga benci. Kukoc ya jefa ta shiga. Zaɓin Jackson daidai ne, Kukoc ya riga ya ci irin waɗannan jifa a kakar, kuma abin da Pippen ya yi kuskure ne babba. Amma duk kocin da zai hana babban ɗan wasansa abin da yake ganin hakkinsa ne, ya zaunar da shi tun da wuri su yi magana a ɗaki, kada ya fara jin labarin a cikin hayaniyar mutum dubu ashirin.

To, duk abin da na faɗa yana da tarko, kuma manyan kociyoyi sun faɗa cikinsa. Idan ka ce a cire wanda ake iya farauta, abu na farko da zai zo wa mutum shi ne a cire dogo mai nauyin ƙafa. Akwai hujja. Rudy Gobert ya ci kyautar mai tsaron shekara sau huɗu, amma a 2021, yana Utah Jazz, Los Angeles Clippers suka jera masu jifan nesa biyar, suka tilasta masa zaɓi tsakanin gadin kwando da bin mutuminsa zuwa kusurwa. Terance Mann ya ci maki 39, Utah Jazz ta zubar da tazarar maki 25 ta fita daga gasar. A 2024, bayan Gobert ya koma Minnesota, Luka Doncic na Dallas ya nemo shi saura daƙiƙoƙi kaɗan, ya ja da baya ya jefa ta samansa, Dallas ta ci Minnesota 109 da 108. Wanda ya ga waɗannan zai ce magana ta ƙare, a zaunar da dogaye.

Ba ta ƙare ba. Tsaga ba a bayan layin maki uku kaɗai take ba. Bakin kwando ma wuri ne da ake shiga, kuma ƙwallon da aka jefa ta ƙi shiga sai wani ya cafe ta. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma tsaro bai cika ba sai ƙwallo ta zo hannunka. Shekarar 2013 ta ba da darasi biyu a kan haka cikin wata ɗaya, duka a gidan Miami Heat. A wasan farko na ƙarshen gasar yankin gabas, Indiana na gaba da 102 da 101 a ƙarin lokaci, saura daƙiƙa 2.2. Vogel, wanda shi ne kocinsu a lokacin, ya cire Roy Hibbert mai tsayin mita 2.18 don gudun kada Chris Bosh ya ja shi waje ya jefa. Aka miƙa wa LeBron, Paul George ya zaƙe wajen tare shi, LeBron ya bi ta hagu, ya tarar da bakin kwando wayam, ya ajiye ƙwallo. Garin neman gira aka rasa ido. An toshe jifan nesa na Bosh wanda wataƙila ya shiga wataƙila ya ƙi, aka buɗe wa gwanin duniya hanyar da ba ya kuskure a cikinta.

Na biyun shi ne wanda har yau idan na tuna nake jin ciwonsa, ranar 18 ga Yunin 2013, wasa na shida na ƙarshe. San Antonio na gaba da wasa uku da biyu, nasara ɗaya ta rage musu. Saura daƙiƙa 28.2 Ginobili ya zura ɗaya cikin jifa biyu, 94 da 89. Ma'aikata sun fara zagaye fili da igiya mai ruwan ɗorawa domin bikin miƙa kofi, wasu magoya bayan Miami sun fara ficewa. Tim Duncan, dogon San Antonio mai shekara 37, ya ci maki 30 a daren ya kuma cafe ƙwallo 17. Kocinsa Gregg Popovich ya cire shi ya sa Boris Diaw, kamar yadda ya saba yi idan yana gadin jifan maki uku. LeBron ya jefa ta ƙi, hannaye suka yi ta dukanta a sama, ta faɗa wajen Mike Miller, ya mayar wa LeBron, ya sake jefawa ta shiga. 94 da 92. Aka yi wa Kawhi Leonard ƙeta, yana ɗan shekara 21, ya zura ɗaya ya ɓarar da ɗaya. 95 da 92, saura daƙiƙa 19.4. Duncan da ya dawo domin harin, aka sake kiransa benci. LeBron ya sake jefawa, 'yan Spurs biyu sun bi shi, ta sake ƙin shiga. Bosh ya taho ba wanda ya tare shi, ya tashi sama da Ginobili ya cafe, ya hango Ray Allen yana ja da baya zuwa kusurwar dama ba tare da ya dubi ƙafarsa ba. Saura daƙiƙa 5.2 ƙwallon ta shiga. Miami ta ci 103 da 100 a ƙarin lokaci, ta ci wasa na bakwai.

Ban yarda a auna shawara da sakamakonta kaɗai ba, na kuma faɗi haka a kan Vogel da Westbrook, don haka dole in yi wa Popovich adalci iri ɗaya. Da Ginobili ko Leonard ya ƙara zura jifa ɗaya, da ba wanda ke wannan magana. Kuma cirewar farko tana da hujja mai ƙarfi, domin a wannan harin Miami ba ta da dogo a fili, masu jifa ne suka kewaye LeBron, Duncan ba shi da wanda zai tsaya a kai sai ya fita can nesa. Wannan na karɓa. Ta biyun ce ban karɓa ba. A lokacin Bosh ya dawo fili, ga mutumin da Duncan ya kwana yana fama da shi. Ga kuma gargaɗi da ya zo daƙiƙa goma kafin nan, an tilasta wa LeBron kuskure amma an kasa mallakar ƙwallon. Yawancin jifan maki uku ba sa shiga, ko a hannun gwanaye, don haka abin da ya fi yiwuwa ya faru shi ne ƙwallo ta dawo, kuma mafi haɗarin jifa shi ne wanda ke biyo bayan wannan dawowar, lokacin da masu tsaro suka ruga ciki suka bar mutanensu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma cibin Spurs a wannan daƙiƙa shi ne rashin mai cafka.

Tyronn Lue, kocin Cleveland a lokacin, ya fuskanci irin wannan zaɓi a wancan wasa na bakwai na 2016 da Kevin Love, wanda kowa ya san ba ya son a fito da shi waje. Ya bar shi, saboda Love ya cafe ƙwallo 14 a daren. Bayan jifan Irving, Warriors suka yi abin da ake tsammani, suka nemo Love suka haɗa shi da Curry. Love ya yi ta ja da baya yana matsowa, bai tashi sama ba, bai kai hannu ba, har Curry ya jefa a takure ta ƙi. Ba kullum za ta ƙare haka ba, na sani. Amma Lue ya auna abin da zai rasa idan Love ya fita da abin da zai iya rasawa idan ya zauna, ba abu ɗaya kaɗai ya kalla ba. Bambancin Love da Ezeli a wasa ɗaya shi ne Love yana biyan kuɗin zamansa da cafka da buɗe fili, Ezeli kuwa bai ci ko maki ɗaya ba a daren.

Idan aka koma ga Spurs, biyar da suka tsaya a harin ƙarshen su ne Tony Parker, Ginobili, Danny Green, Leonard da Diaw. Parker ne mafi gajarta a cikinsu, yana fama da ciwon cinya tun wasa na uku, ya kuma gaji bayan ya ci maki biyar masu wuya a mintuna biyun ƙarshe. Aikinsa babba a hari yake, kuma a wannan lokaci ba hari ake ba. Da ni ke riƙe da allon, Diaw zai shiga, amma Parker ne zai fito. Green da Ginobili da Leonard da Diaw su yi ta musaya a bayan layi yadda suke so, Duncan kuma ya tsaya tsakanin Bosh da kwando, inda ya kwana yana cafe ƙwallo.